Ciyawar kwalliya ko itatuwan ƙasarmu: wanne ya dace da harabar gidanka?

Duk wanda Allah ya hore wa gina gida a sababbin unguwannin Kano, Kaduna, Katsina ko Maraɗi, da zarar an gama fenti an ɗaura ƙyaure, sai ya tsaya yana kallon filin da ya rage tsakanin gini da katanga. Mai zanen gida tuni ya shafa wa wurin kore a hoton da ya nuna masa a kwamfuta. Mai sayar da furanni a bakin titi yana cewa, "Alhaji, kafet giras za a shimfiɗa, wata biyu ka ga gida shar." Aboki kuma ya ce a zuba intalok a huta. Da wuya ka ji wanda ya kawo zancen kanya ko kurna, alhali su ne aka sare kafin a yanka fulotin.

A ganina ruwa ne ya kamata ya raba wannan gardama, kuma ruwan Maris da Afrilu nake nufi. A watan Agusta ko kan bola kore ne, kowace shuka gwana ce. Sai bazara ta kankama, rijiyoyi sun ja baya, ake sanin abin da mutum ya ɗauko wa kansa.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A ranin ƙasar Hausa, ga rana ga busasshiyar iska, ciyawar da ake so ta zauna kore tana buƙatar wajen milimita 5 a yini, a tsakiyar bazara ma ta fi haka. Ka ce filinka mita 10 ne tsawo, mita 10 faɗi, wanda ba wani babban fili ba ne. Lita 500 ke nan kullum, jarka 20 mai cin lita 25, kusan kura biyu ta ɗan ga-ruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya na buƙatar lita 50 zuwa 100 a yini domin sha da girki da wanka da wanki. Ashe ɗan filin nan yana shan rabon mutum biyar zuwa goma. Daga Nuwamba zuwa Mayu, wata bakwai, ya haura lita 100,000. Wani zai ce ai sai ya tari ruwan sama. To, rufin gida mai murabba'in mita 150, a shekarar da aka samu milimita 800, lita 120,000 zai zubo in ba a yi asarar ko ɗigo ba. Wato ruwan indararon gidan na damina guda cur da ƙyar zai riƙe ciyawar, ga shi tankunan da muke ɗorawa a gidaje lita dubu biyu ne zuwa biyar.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan batu shi ne, birnin Landan, inda ciyawa ke zama kore kusan duk shekara, ruwan da yake samu wajen milimita 600 ne, bai kai na Kano ba a yawancin shekaru. Bambancin shi ne nasu yayyafi ne da ke rarrabuwa a wata goma sha biyu, ƙarƙashin gajimare da sanyi, ƙasa ba ta bushewa. Namu kuwa cikin wata huɗu yake juyewa, sauran shekara rana ce. A can ƙasar Ingila aka ƙirƙiro injin yankan ciyawa a 1830, daga can kuma al'adar ta biyo Turawan mulki zuwa unguwanninsu na GRA da filayen golf. Mun gaji sha'awar, amma yanayin da ya haife ta yana can inda yake.

Ba mu kaɗai muka shiga wannan ba. Birnin Las Vegas na Amurka cikin hamada yake, ruwan samansa wajen milimita 100 ne kawai a shekara, amma shekara da shekaru ana shimfiɗa ciyawa a gaban gidaje da tsakiyar tituna, ana shayar da ita da ruwan tafkin Mead. Da tafkin ya yi ta ja da baya, har a 2022 abin da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, dole aka sake lale. Tun 1999 hukumar ruwan yankin ke biyan mutane kuɗi su tuge ciyawa su dasa tsirran hamada, kuma a lissafinta kowace murabba'in mita da aka canza tana rage fiye da lita 2,000 a shekara. A 2021 jihar Nevada, inda birnin yake, ta yi doka cewa daga farkon 2027 ba za a ƙara shayar da ciyawar ado zalla da ruwan kogin Colorado mai cika tafkin ba, ban da ta gidajen zama na iyali ɗaya. Abin lura a dokar shi ne ba ta taɓa filayen wasa da wuraren shaƙatawa da mutane ke amfani da su ba. Ciyawar da ba mai taka ta sai mai yankanta, ita aka sa wa ido. Wannan rarrabewar ita ce nake so mai gida ya ɗauka: akwai ciyawar da ake zama a kai, akwai wadda kallo kawai ake yi daga cikin mota.

Na san amsar da mai hali zai bayar: "Ai burtsatse gare ni, ga sola, iya kuɗinka iya shagalinka." Gaskiya ne ba ya biyan hukumar ruwa ko sisi. Sai dai mafi yawan birnin Kano, da Kaduna, da Zariya, a kan dutse suke zaune. Ruwan ƙarƙashinsu yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasa, ba wani teku ne a kwance ba, kuma damina ce kaɗai ke mayar da abin da aka zuƙe. Burtsatsen da ya fi zurfi da ƙarfin inji shi ke janye na kusa da shi. Shiga irin waɗannan unguwanni a watan Afrilu da tsakar rana. Ta ƙasan get za ka ga ruwa na gangarowa titi, mai gadi ya saki tiyo a kan ciyawa ya koma inuwa, rabin ruwan ya bi iska, rabi ya bi kwata. Taku kaɗan daga nan yara ne a layi da jarkoki masu ruwan ɗorawa, suna jiran a buɗe famfon da wani bawan Allah ya fito da shi waje, saboda rijiyar gidansu ta koma laka tun Fabrairu. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ruwan da ke ƙarƙashin unguwa katanga ba ta raba shi.

Kada a ɗauka ciyawa ba ta da amfani. Tana da shi, kuma ya kamata a faɗa. Tana sanyaya wuri, domin ruwan da take fitarwa ta ganye yana rage zafin iskar da ke kanta. Tana kama ƙura lokacin hunturu. Yaro ya faɗi a kanta ba zai ƙuje gwiwa ba. Tana riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta, kuma tana barin ruwan sama ya nutse. A Abuja da Jos da kudancin Kaduna, inda ruwa ke wuce milimita 1,200 kuma damina ta fi tsawo, nauyinta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma a Sakkwato, Katsina, Maraɗi ko Damagaram, inda ake murna in an samu 400 zuwa 700, magana ta canza.

Ita kanta ciyawar iri-iri ce, kuma a nan mutane da yawa ke yin zaɓen tumun dare. Kafet giras mai faffaɗan ganye asalinta daga yankunan Amurka masu laima take. Saiwarta ba ta nisa, tana son danshi, tana jure inuwa, shi ya sa take jin daɗin Fatakwal da Legas. A Kano in ta yi 'yan kwanaki ba ruwa a bazara sai ta ƙone, kuma inda ta mutu ba lalle ta dawo ba. Kiri-kiri kuwa, wadda muka sani a bakin fadama da gefen rijiya, ita ce dai Amurkawa ke shukawa a filayen ƙwallo da sunan ciyawar Bermuda. Saiwarta na nutsawa, tana da jijiyoyi a ƙarƙashin ƙasa, tana jure tattaki. In aka rage mata ruwa sai ta yi ja ta kwanta kamar ta mutu, ruwan fari na sauka ta farfaɗo. Aibinta biyu ne: ba ta son inuwa, kuma in ta kutsa cikin kwamin furanni ko na kayan miya fitar da ita aiki ne. Duk wanda ya ce lalle sai ciyawa a arewa mai nisa, kiri-kiri ce tasa, da sharaɗin zai haƙura da ganin ta ja na wasu watanni.

Sai batun magani da taki, wanda mai sayar da ciyawa ba ya ambata a ranar ciniki. Fili mai ciyawa iri ɗaya tal ba ya zama haka da kansa. Aya-aya za ta fito, ƙarangiya za ta shigo, gara za ta ci saiwa daga ƙasa. Sai a kira mai feshi. Ya zo da jarka a goye, ba safar hannu ba takunkumi, ya auna magani da murfin kwalba, wani lokacin ma kwalbar ba takarda a jikinta. Da yamma yara su fito su yi birgima a wurin, kaji su yi kiwo. Magungunan nan ba abin wasa ba ne. Tarayyar Turai ta hana atrazine tun 2004 saboda yadda yake gangarawa cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ta hana paraquat a 2007, wanda kurɓi kaɗan ke kisa kuma ba shi da makari. Chlorpyrifos da ake yawan zuba wa gara, Amurka ta fara janye shi daga amfanin cikin gidaje tun 2000 saboda lafiyar yara. Glyphosate kuwa har yanzu ana jayayya a kansa: sashen binciken cutar kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ya sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar a 2015, hukumar muhalli ta Amurka ba ta yarda da hakan ba. Takin zamani ma, yuriya ko NPK, in ya yi yawa a ƙasa mai yashi ana ta kwarara masa ruwa, abin da saiwa ba ta kama ba ƙasa yake yi. A gona akwai tazara. A gida burtsatsen da ake sha yana nan taku goma daga wurin.

Intalok da ciyawar roba ba sa buƙatar dogon bayani. Ba sa shan ruwa, shi ne kaɗai abin yabonsu. Siminti yana haɗiye zafin rana ya yi ta amayar da shi har tsakar dare, ɗakunan da ke kusa su ƙi kwantuwa. Ruwan sama kuma maimakon ya nutse ya ciyar da rijiyarka, sai ya kwarara titi ya ƙara wa unguwa ambaliya. Ciyawar roba a ranar Afrilu zafinta kan wuce digiri 60, ba mai iya taka ta ba takalmi, ƙurar hunturu ta cika ta, bayan wasu shekaru ta koɗe ta zama shara. Hanyar mota da wurin ajiye ta sun cancanci intalok. Sauran fili bai cancanta ba.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren. Itacen da ya saba da ƙasar nan ya riga ya san rani na zuwa. Wani saiwa yake turawa can ƙasa inda danshi yake, wani ganye yake zubarwa, wani kamar kuka ruwa yake ajiyewa a jikinsa. Hujja mafi girma tana jihohin Maraɗi da Damagaram. Tun daga wajen 1983, bayan fari ya yi ɓarna, manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututturan gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, suna rage rassa su bar masu ƙarfi. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki a Maraɗi, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, ba tiyo ba injin ban-ruwa. Itacen da ya rayu a gonar Damagaram da ruwan sama kaɗai ba zai gagara a harabar gida ba.

Amma ba kowane itace ne na cikin gida ba, kuma a nan ake bukatar natsuwa. Gawo abin so ne, shi da ke fitar da ganye da rani ya zubar da damina, sai dai girmansa da ƙayarsa sun fi dacewa da filin makaranta ko na masallacin idi. Ceɗiya da durumi da gamji inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu na bin danshi, za ta fasa katanga ta shiga ramin masai, don haka ƙofar gida mai faɗi ce wurinsu. Maɗaci ma ƙato ne. Ga fuloti madaidaici, kanya tana da inuwa mai duhu da 'ya'ya masu zaƙi. Kurna da magarya suna da saurin kamawa da jure ƙishi, ga 'ya'ya ga ganyen da ake nema, illa ƙaya, sai a riƙa ɗage rassan ƙasa. Aduwa kusan ba ta rabuwa da ganye. Tsamiya tana da inuwar da ta fi kowacce sanyi a wurina, kuma tsamiyar kunun azumi daga gida za ta fito, ko da yake na san akwai gidajen da ba sa son ta ko kuka kusa da ɗaki saboda abin da aka taso ana ji game da su. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya ɗauki wani, zaɓi na da yawa. Kuka ma ana iya hana ta girma, a riƙa datse kanta daidai tsayin mutum ana tsinkar ɗanyen ganye. Dabino yana ƙawata mashigar gida kuma saiwarsa ba ta ɗaga gini.

A ƙasa da itatuwan, lalle yana yin shinge mai kyau in ana aske shi, furensa na ƙamshi da dare, uwargida kuma ta samu na ƙunshi. Kariya tana fure ja da fari a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe, ba ta son ruwa da yawa ma, amma ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da inda ƙananan yara ke wasa. Jema a bakin magudana tana riƙe ƙasa. Gamba tana da kyau in an dasa ta tsibi-tsibi a lungu, sai dai a yanke ta da kaka, don busasshiyar gamba abokiyar gobara ce kuma maɓoyar maciji. Darbejiya da zogale daga Indiya suka zo, amma sun zama 'yan gida, ba su da wahalar ruwa. Wanda zan ce a guje masa a ƙaramin gida shi ne itacen turare, saboda yawan shan ruwansa.

Aibin wannan hanya a bayyane yake: jira. Ciyawa wata biyu ta rufe ƙasa. Kanya da tsamiya sai an shekara biyar ko fiye kafin a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsu. Akwai sharar ganye. Akwai akuya, wadda in ta samu get a buɗe za ta gama da dashen shekara guda kafin a idar da sallar la'asar. Masu sayar da tsirrai a bakin titi kuma galibi baƙin furanni suke ajiyewa, sai an nema a gandun rainon itatuwa na ma'aikatar daji, ko mutum ya tsiro da kansa daga ƙwallo. Kuma kada wani ya ce maka ba a ba su ruwa sam. Rani biyu na farko dashe na buƙatar kulawa. Sai dai bokiti ɗaya ko biyu a mako ya ishi kowane, ka kwatanta da jarka 20 a kullum. In aka binne tulu marar fenti a gefensa, bakin a waje, aka riƙa cika shi ana rufewa, ruwan zai riƙa tsattsafowa kai tsaye wurin saiwa. Wurin alwala ma in aka karkata shi zuwa gindin itace, an gama da ban-ruwansa.

Wani zai tambaya, to ƙasan fa, haka za a bar ta tsirara? Tsakar gidan iyayenmu amsa ce. Daɓe ne ko yashi mai laushi, a share da safe a yayyafa ruwa kaɗan, inuwa ta rufe rabinsa. A gidan zamani ana iya zuba tsakuwa ko yashin kogi a hanyoyi, a rufe gindin shuke-shuke da ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa don riƙe danshi, a bar ɗan tazara kada ya taɓa jikin itacen saboda gara. A yi wa kowane itace kwami mai faɗi, a juyo indararo ya zuba a ciki, yadda manoman Tawa ke tare ruwa da ramukan tassa.

Da ni za a tambaya, ga fulotin ƙafa 50 da 100 a Kano ko Katsina, zan ce a duba inda yara za su yi wasa ko inda mai gida zai zauna da yamma, a ware murabba'in mita 15 zuwa 20 a wuri mai rana a sa kiri-kiri. Wannan jarka uku ko huɗu ce a yini, kuma ciyawar banza a irin wannan fili da hannu ake cire ta, ba sai an kira mai feshi ba. Yamma da gini a dasa itace biyu masu inuwa, mita huɗu ko biyar daga bango, su tare ranar la'asar. Jikin katanga lalle da zogale. A Abuja ko Jos ana iya faɗaɗa ciyawar. A Maraɗi da Damagaram da Sakkwato ni ba zan sa ta ba ko kaɗan.

Wanda kuma ya riga ya shimfiɗa ciyawa ba sai ya tuge ta rana ɗaya ba. Ya mayar da ban-ruwa bayan sallar asuba, ya daina na tsakar rana. Ya shayar sosai sau biyu ko uku a mako maimakon yayyafin kullum, don saiwa ta bi ruwa ƙasa. Kada a aske ta ƙwal, a bar ta da ɗan tsayi ta yi wa kanta inuwa, a bar abin da aka yanke ya ruɓe a wurin, a sa takin gargajiya da ya huce a farkon damina. Sannan ya lura da sassan da ba mai takawa, lungun bayan tanki, siririn zirin gefen katanga, wajen get, ya fara da su. Lokacin dashe shi ne idan damina ta zauna sosai, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don itacen ya samu wata biyu ko uku na ruwan sama kafin iskar kaka ta juyo. Ramin kuwa tun a Mayu ake haƙa shi, a cakuɗa ƙasar da taki a bar ta ta sha ruwan fari.